Tudun Bakin Raga

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shekara ashirin da ɗaya ya yi yana kula da filin ƙwallon ƙungiyarmu. Ranar wasa kowa idonsa na kan ƙwallo, shi nasa na kan ƙasa. In ɗan wasa ya zame ya yago ciyawa, sai ka ga Kawu ya runtse ido kamar shi aka taka. Ni ne direban motar ƙungiyar, shi ya samo min aikin, kuma daga bakina sunan ya bazu, har ya zama daga koci zuwa mai yaga tikiti a ƙofa kowa Kawu yake ce masa. Ciyaman ma, da ya girme shi da shekara uku, Kawu yake cewa.

A rukuni na biyu muke, kuma mun daɗe a can har an daina yi mana kallon baƙi. Wanda bai yi yawon rukuni na biyu ba bai san fili ba. Na kai 'yan wasanmu inda sai an kori awaki kafin a busa usur, na kai su inda layin gefe yake tafiya a karkace kamar mai jin barci ne ya ja shi. Amma abin da za ka tarar ko'ina shi ne bakin raga ƙwal, babu ciyawa ko ɗaya, sai rami kamar kwano inda gola ke tsayawa, in an yi ruwa ya koma kududdufi. Filinmu kaɗai ne a duk gasar da bakin ragarsa yake kore shar daga farkon kaka har ƙarshe. 'Ya'yan Kawu biyar, kuma duk sun yi hankali, amma ban taɓa jin ya yabi ɗayansu a gaban mutane yadda yake yabon wannan wuri ba.

Ba wani asiri yake yi ba. Da an tashi wasa, tun 'yan kallo ba su gama fita ba, zai turo baro cike da yashi mai laushi da ya tankaɗe da hannunsa ya gauraya da taki. Ya durƙusa ya mayar da duk ciyawar da aka yago, ya danne da tafin hannu, sannan ya barbaɗa yashin inda gola ya sassaƙe da takalmi, ya bi da manjagara, ya yi ban-ruwa. Kaɗan yake zubawa, abin da bai wuce kaurin farce ba. Haka bayan kowane wasa, haka bayan kowane atisaye, ko yana zazzaɓi.

Golanmu Kyanwa ake ce masa, saboda tsallensa. Gajere ne in aka gwada shi da sauran masu tsaron raga, amma shekara shida yana tare da mu, kuma a gida da wuya ka ci shi ta sama. Faɗansu da Kawu ba ya ƙarewa, don Kyanwa yana da ɗabi'ar tona layi da takalmi a tsakiyar raga kafin a fara wasa. Kawu ya ce shi bai ga gola ba, kaza ya gani. Kyanwa ya ce ranar da ciyawa ta tare fenariti a zo a gaya masa. Duk da haka in Kyanwa ya zo atisaye da wuri, a ɗakin ajiyar Kawu za ka same shi, zaune kan buhun taki suna shan shayi a kofi ɗaya.

Kakar da nake ba da labarinta ta fara mana da kyau fiye da kowace. Wasa bakwai, ba a ci mu ko ɗaya ba, muna na biyu a tebur, kuma biyun farko ne ke hayewa rukuni na ɗaya. Mutanen da suka shekara goma ba su leƙo fili ba suka fara dawowa suna cewa ai dama su tun asali suna tare da mu.

A wasa na takwas baƙi suka doki ƙarfen sama sau uku, mu muka ci ɗaya muka tashi. Kocinsu tsohon gola ne, dogo. Bayan an tashi sai na hango shi ya taka zuwa ragar, ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga hannu ya taɓa ƙarfen ba tare da ya yi ɗage ba. Ya dubi hannunsa, ya dubi ƙarfen, ya fita. Ran Laraba sai ga jami'in hukumar gasa da tef ɗin awo a aljihu.

Ƙa'ida dai daga ƙasa zuwa ƙarfen sama mita biyu ne da santimita arba'in da huɗu. Jami'in ya auna jikin turke, ya ce saura uku. Ya auna ɗaya turken, saura uku. Ya zo tsakiya, daidai inda ciyawar ta fi kyau, ya auna, ya sake aunawa, ya ce saura goma sha ɗaya. Ɗaya ragar kuma saura tara. Kawu ya ce sam, tef ɗin ne ya lalace, don a gabansa aka kafa turakun nan cikin kankare, shi ya riƙe ma'auni ranar, kuma ƙarfe ba ya raguwa. Jami'in, mutum ne siriri mara hayaniya, ya naɗe tef ɗinsa a hankali.

"Baba, ƙarfen bai sauko ba," in ji shi. "Ƙasar ce ta hau."

Kawu ya dubi ƙarƙashin ƙafarsa. Ina tsaye kusa da shi, na ga lokacin da maganar ta shige shi. Kaurin farce, sau uku a mako, shekara ashirin da ɗaya. Tudu ya gina da hannunsa, kuma ya yi shi da kyau har ba wanda ido ya nuna masa.

Hukunci ya zo a takarda. Ba a cire mana maki ba, tunda ba a ga alamar ganganci ba, amma an rufe filin. Duk wasanninmu na gida sai a wani filin aro, tafiyar awa uku. In mun gyara mu kira, za a zo awo sau ɗaya tak, in bai yi ba shi ke nan sai wata kakar. Ciyaman kuwa ya faɗa a fili cewa masu filin aron sun daɗe suna zawarcin ƙungiyar, in kaka ta ƙare ba a buɗe namu ba, zai kwashe mu mu koma can gaba ɗaya. Wato abin da ke hannun Kawu ya wuce ciyawa: ko ya dawo da ƙungiyar gida kafin wasan ƙarshe, ko garin ya rasa ta.

Masu shirin wasanni na rediyo suka samu abin yi. Suka raɗa mana ƙungiya mai gajeren gola da gajeriyar raga, suka ce ashe ɗinkin ragar daidai jikin Kyanwa aka yi shi. Inna, matar Kawu, ta gaya min kwana biyu yana mayar da kwano yadda aka kai masa. Ba rufe filin ne ya fi cinsa ba, cewa da aka yi ya yi maguɗi ne. Mutumin da in ya tsinci allura a fili sai ya bi layi yana tambayar mai ita.

Aka kira shi ofis, ni ma ina ciki don na kawo makullin mota. Ciyaman ya ce a fasa kankare a ɗaga turakun, a wuce wurin. Kawu ya nuna masa da biro biyu da littafi cewa in aka ɗaga don tsakiya ta yi daidai, gefe zai wuce ƙa'ida da takwas. Koci ya ce to a haƙa 'yar kwata a kan layin kawai, faɗin shebur, daidai inda tef ke sauka, kwana biyu an gama. Ni kaina na gyaɗa kai, don tafiyar awa uku tana raina.

"Yallaɓai, tef zai yarda," in ji Kawu, "amma idon sawun Kyanwa ba zai yarda ba. Ranar da ya ja da baya ya faɗa kwatar nan, ƙafar ta tafi. Ni na gina tudun nan, a bar ni in rushe shi."

Ciyaman ya tambaye shi kwana nawa. Ya ce mako goma sha biyu, in ciyawa ta ba da haɗin kai. Saura mako goma sha huɗu kaka ta ƙare. Ciyaman ya yi tsaki ya ce ya je ya yi, amma ya sani a wuyansa take.

Washegari Kawu ya sa wuƙa a wurin da bai taɓa yarda ko kare ya ratsa ba. Ya yanka ciyawar falle-falle, kowane kamar faɗin tire, da saiwarta da ƙasarta, ya jera su a ƙarƙashin rumfar 'yan kallo bi da bi, don kowane ya koma inda ya fito. Daga layin raga har kusan wurin bugun fenariti ya kwashe, raga biyu, don in ka sauke tsakiya kawai ka yi kwano. Sannan ya shiga haƙa. Ran Litinin ba ma tafiya, sai in zo in tura masa baro. A gefen ramin ya nuna min ƙasar a jere, layin yashi, layin baƙi, layin yashi, layin baƙi, ya sa yatsa yana ƙirga min shekaru: wannan shekarar da aka haifi autarsa, wannan wadda muka kusa faɗawa rukuni na uku. Ya aro dogon tiyo mai haske wurin wani magini, irin wanda suke cika da ruwa su daidaita gini, ya kuma sa kafinta ya yanka masa sanda mai tsawon ƙa'ida cif. Da sandar nan yake shiga fili kowace safiya kamar makiyayi.

Mu kuwa muna kan hanya. Wasan gida, awa uku zuwa, awa uku dawowa, a yi wasa gaban mutum arba'in da ba su san sunan kowa ba. Bayana ya riƙe, motar ta fara tari. Muka yi canjaras, aka ci mu, muka sake canjaras, daga na biyu muka gangaro na shida. Ba zan ɓoye ba, haushin Kawu ya kama ni, kuma na gaya masa. Na ce mutane goma sha takwas suna wahala a titi saboda taurin kan tsoho ɗaya da ba zai haƙa kwata ba. Bai ɗago daga tiyonsa ba, cewa kawai ya yi in riƙe masa ɗaya bakin in gaya masa inda ruwan ya tsaya. Na riƙe, ina huci.

Kyanwa ya fi kowa shan ta. Duk filin da muka je sai 'yan kallo su taru bayan ragarsa suna ɗaga bulo, wai ga aro ya hau. Kowace ƙungiya ta koma buga masa ta sama, kuma wasu suna shiga. Shekara shida na aikinsa aka mayar abin dariya a mako uku. Ya daina zuwa ɗakin ajiya, ya daina gaida Kawu, in sun haɗu a ƙofa sai ya duƙa yana ɗaure igiyar takalmin da take a ɗaure.

A mako na biyar aka yi ruwa kwana uku ba ƙaƙƙautawa. Ramukan biyu suka cika maƙil, ba halin mayar da komai. Ciyawar da ke jere ƙarƙashin rumfa kuwa ta daɗe ba ta ga rana ba, ta yi rawaya, da danshi ya kama ta sai ta fara ruɓewa. Da aka ɗauke ruwan na sami Kawu yana ɗaga fallayen ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa. Fiye da rabi sun mutu. Ya zauna a bakin baro, hannuwansa rataye tsakanin gwiwoyi, kuma ranar ce kaɗai na ga tsufa a jikinsa. Tausayi ya kama ni har na ji kunyar maganar da na gaya masa. Na ce ko mu koma maganar kwatar, ba wanda zai zarge shi. Can ya ce ruwan ya yi masa amfani, ya nuna masa cewa ƙasar nan ba ta tsotse ruwa, shi ya sa tun farko take lotsawa yana cikewa, in bai shimfiɗa tsakuwa a ƙasa ba bayan shekara goma wani tudun zai gina. Ya tashi ya tambaye ni ko motar za ta iya ɗaukar tsakuwa in an cire kujerun baya.

Ta ɗauka, kuma har yau ciyaman bai sani ba.

Ciyawa kuma ya bi bayan raga da wajen layin gefe yana yanko ta siriri-siriri. Ba ta isa ba. A tsakar gidansa akwai ɗan fili da ya shuka irinta tun da daɗewa, inda Inna ke shanya, jikoki ke birgima. Ya je da shebur ya kwashe shi tas. Inna ta tsaya bakin ƙofar ɗaki, hannu a ƙugu, ta ce saura ita, ya haɗa da ita ya kai ya dasa, wataƙila a can ta riƙa ganinsa. Kwana biyu bayan haka sai ga ta a fili da 'ya'yansu mata biyu, sun ɗaure zani, suna tsinke ciyawar tsiro-tsiro suna cusawa a gurbin da falle bai kai ba. Tana dashe tana mita, kuma layinta ya fi na kowa miƙewa.

Sai aka zo kan danne wurin. Abin dannewar gangar ƙarfe ce cike da kankare, mutum biyu ma da ƙyar suke janta, Kawu kuwa da ni muka ja sau ɗaya muka zauna muna haki. Wata Litinin muna cikin haka sai ga Kyanwa ya shigo da kayan gida. Bai yi sallama da kowa ba, ya kama igiyar gangar ya fara ja. Ya kai ƙarshe ya juyo. Kawu ma bai ce masa sannu ba, sai dai ya ce ya rage sauri, ba tsere ake ba. Mako na gaba Kyanwa ya zo da 'yan baya su huɗu. Ban san ko jan gangar ne ya ƙara musu ƙarfi ba, ko kuwa sun gaji da zama abin dariya ne, amma daga nan muka fara ci. Huɗu a jere, uku daga ciki a waje. Da ya rage wasa ɗaya muna na uku, maki biyu tsakaninmu da na biyu, kuma su ne za su zo mana a wasan ƙarshe. In mun ci mun haye.

Ana gobe awo, sandar Kawu ta ƙi shiga tsakiyar raga ɗaya, sabuwar ciyawar ta yi kauri ta ɗaga kamar faɗin yatsa. Koci ya ce ya bari, jami'i ba zai tsaya kan wannan ba, kuma faɗin yatsa ma wani abu ne ga gajeren gola. Kawu ya yi kamar bai ji ba. Ya durƙusa da almakashi da katako yana aski yana bugawa har sandar ta shige ba tare da ta goga ba.

Ran Alhamis jami'in ya zo, shi ɗin dai. Ya auna wuri uku a kowace raga, sannan ya ƙara biyu da ba a sa shi ba. Ya taka wurin da dunduniya ya ji ko zai lotsa. Ba shi da kyan gani, faci-faci ne, wani kore wani fari-fari, amma a shimfiɗe yake kamar tebur. Ya ɗora takarda a cinyarsa ya sa hannu, ya miƙa wa ciyaman, sannan ya juya ya ba Kawu hannu biyu. Ciyaman ya ce maganar ƙaura ta mutu, a buga tikiti. Kawu ya ce wa jami'in ya gode, ya shige ɗakin ajiya ya turo ƙofa. Na bar shi, don ni ma idona ya ciko.

Ranar wasan fili ya cika har kan katanga. Muka ci ɗaya kafin hutun rabin lokaci, muka koma baya muka tsare. Kyanwa ya tare ta ƙasa, ya tare ta gefe, ya fito ya naushe bugun kusurwa biyu. Saura minti shida suka samu bugun tazara daga wajen yadi sha takwas. Ɗan wasansu ya ɗaga ta bisa kan katangar 'yan bayanmu, ta tafi kamar za ta wuce, sai ta sunkuyo. Kyanwa ya tashi iya tashinsa. Daga inda nake zaune na ga hasken da ya rage tsakanin yatsunsa da ƙwallon, bai kai faɗin tafin hannu ba. Ta goge cikin ƙarfen sama ta faɗa raga.

Ɗaya da ɗaya aka tashi. Su suka haye, mu muka zauna. Fili ya yi tsit, sai wani daga rumfa ya ɗaga murya yana tambayar Kawu ina ya kai mana tudunmu. Wasu suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba, wasu suka yi zagi. Duk wanda ke wurin ya san cewa a farkon kaka wannan ƙwallo ba za ta wuce hannun Kyanwa ba.

Mutane suka watse, 'yan wasa suka shige ɗakin sauya kaya, Kyanwa bai tashi ba. Yana zaune kan layin raga, safar hannunsa a cinya. Kawu ya nufe shi, na bi bayansa don ina tsoron abin da za a faɗa. Kyanwa bai ɗago kai ba.

"Kawu, da tudunka na nan da na taɓa ta."

"Na sani. A kan idona ta shiga."

Kawu ya tsugunna a gabansa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya dafa kafaɗarsa.

"Ni dai ba zan ƙara ƙasa ba, ɗana. Kai ne za ka ƙara tsalle."

Kyanwa ya share fuska da gefen riga. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon ƙarfen, sannan ya tambayi Kawu ƙarfe nawa yake buɗe ƙofa da safe. Na ce masa ai daga gobe hutu ne, wata biyu cur, ya je ya huta. Ba wanda ya kula ni a cikinsu. Kawu ya ce ƙarfe shida, kuma ya taho da ƙwallonsa, don makullin akwatin ƙwallaye yana hannun koci.